Horon tabarau kafin hawa kumbo: abin da VR da AR ke koya wa 'yan sama jannati da abin da ya fi ƙarfinsu

Babu wani wuri a doron ƙasa da za a kai ɗan sama jannati ya daɗe cikin irin yanayin da zai yi aiki a cikinsa. Akwai jirgin sama na musamman, kamar Airbus A310 da kamfanin Novespace ke tashi da shi daga Bordeaux a Faransa, wanda ke hawa sama ya sulmiyo, sai mutanen ciki su rasa nauyi na kimanin daƙiƙa 22. Ana yin haka sau 31 a tashi ɗaya. Daƙiƙa 22 da ƙyar take isa a kwance noti ɗaya, alhali fita aiki a wajen tashar sararin samaniya ta ƙasa da ƙasa takan ci sa'a shida zuwa bakwai.

Sai kuma tafkin horo na NASA, hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, a Houston, mai tsawon mita 62, faɗin mita 31, zurfin mita 12, da ruwa sama da lita miliyan 23. A nan ake sa wa mutum rigar sama jannati, a daidaita ta da nauyi da soso har ta daina nitsewa ta daina tasowa. Tafkin na koya wa jiki wahalar aiki cikin riga mai tauri, amma yana da nasa ruɗin. Ruwa na tare motsi: ka tura akwati ka sake shi, zai tsaya da kansa, a sararin samaniya kuwa ba zai tsaya ba sai ka tsayar da shi ko ya bugi wani abu. Rigar ce ke shawagi, mutumin da ke cikinta yana nan da nauyinsa, idan ya juya kai ƙasa jini ya taru masa a ka, kafaɗunsa su danne a jikin rigar. Hasken tafkin bai canzawa. Tashar kuma, mai tsawon mita 109, ba ta shiga tafkin gaba ɗaya.

Waɗannan giɓi ne tabarau na kwamfuta suka zo cikewa. Iri biyu ne, kuma aikinsu ba ɗaya ba ne. Na farko, wanda ake kira VR, yana rufe ido ruf, ya nuna wa mutum wata duniya da kwamfuta ta zana. Na biyu, AR, yana barin mutum ya ga abin da ke gabansa, sai ya ɗora rubutu da kibiyoyi da zane a kai. VR na shiri ne kafin aiki, AR kuwa ya fi amfani a tsakiyar aikin. Abin ba sabo ba ne: tun shirin gyaran na'urar hangen nesa ta Hubble a watan Disamban 1993 NASA ta fara amfani da VR, kuma ɗakin gwajin da aka kafa a cibiyarta ta Johnson da ke Houston yana aiki har yau.

Aikin da ba a iya koyonsa a wani wuri

Duk wanda ya fita wajen tashar yana ɗaure da igiyar tsaro. Idan igiyar ta kuɓuce, abin da ya rage wa mai sanye da rigar Amurka shi ne wata 'yar na'ura da ke goye a ƙasan jakar bayansa, mai suna SAFER. Tana da ƙananan bututaye 24 masu fesa iskar naitirojin, kuma iskar ba ta kai kilo ɗaya da rabi ba. Duk abin da za ta iya ba mutum na sauyin gudu bai wuce kimanin mita 3 a daƙiƙa ba, jimilla. An gwada ta a sararin samaniya a 1994, amma ba za a saki mutum da gangan daga tashar don ya yi atisaye ba, ruwan tafki kuma ba ya barin mutum ya yi ta wulwulawa. Saboda haka a cikin tabarau ake koyonta.

Ga yadda atisayen yake. Mai horarwa ya zaɓi inda mutum ya suɓuce, da saurin da yake nesanta, da yadda yake juyawa. Ɗalibi ya sami kansa yana katantanwa, tashar na giftawa ta gabansa tana ɓacewa. Abu na farko shi ne ya zaro madannin sarrafawa daga ma'ajiyarsa ya kunna na'urar, duk da safar hannu mai kauri. Na biyu, ya bar na'urar ta tsayar da juyawar da kanta, akwai tsarin da ke yin haka. Na uku, ya juya a hankali ya nemo tashar, kusurwa ɗaya bayan ɗaya. Sai ya fuskance ta sosai sannan ya tura kansa gaba, ya saki madannin, ya bar gudun ya kai shi. A ƙarshe ya nemi ƙarfen da zai kama.

Kurakuran da ake yi sanannu ne. Mai firgici yakan fara tura kansa tun bai daina juyawa ba, sai iskar ta watse ta ko'ina. Wani ya yi ta gyare-gyaren hanya, kowane gyara na cin iska, har ta ƙare yana ganin tashar. Wani ya zo da gudu ya bugi jikinta ya koma baya. Kowace daƙiƙa da aka ɓata wajen neman madanni ƙarin nisa ce. Sai kuma a maimaita komai cikin duhu, domin tashar na zagaya duniya cikin kimanin minti 90, kuma duhun kowane zagaye kan kai minti 35. A tafki ba za a iya yin ko ɗaya daga cikin waɗannan ba. A tabarau kuwa ana iya yi sau ashirin kafin azahar, kowane da yanayinsa.

Abu na biyu da VR ya ƙware a kai shi ne sanin hanya. Manhajar NASA mai suna DOUG na ɗauke da zanen wajen tashar, har da ƙarafan riƙewa da lambobinsu. Ɗan sama jannati zai bi hanyarsa daga ƙofar fita zuwa wurin aiki, ya ga inda igiyarsa za ta iya sarƙewa, da eriyar da ba a so ya taɓa. Ana haɗa shi da mai sarrafa hannun ƙarfen tashar, Canadarm2 na ƙasar Kanada, mai tsawon mita 17.6 da gaɓoɓi bakwai. Wanda ke tsaye a bakin hannun idan ya ce a ɗaga shi sama, saman wa yake nufi, nasa ko na tashar? Irin wannan rashin fahimta ake kashewa a ɗakin gwaji, a daidaita kalmomin da za a yi amfani da su tun kafin ranar.

Don a koya wa hannu yadda kaya masu nauyi ke motsi, ɗakin yana da wani mutum-mutumi mai suna Charlotte. Mariƙi ne da igiyoyi ke riƙe da shi ta kusurwoyi daban-daban, injina na jan igiyoyin bisa lissafin kwamfuta. Ido na ganin babban akwati a cikin tabarau, hannu na jin yana da wuyar tayarwa, kuma da zarar ya tashi yana da wuyar tsayarwa. Darasin ɗaya ne: kada ka ba kaya gudun da ba za ka iya karɓe shi ba.

Inda tabarau ke gazawa

Rigar fita waje ta Amurka na cike da iskar oksijin a matsin da bai kai kashi ɗaya cikin uku na iskar doron ƙasa ba, amma ko hakan ya isa ya sa safar hannu ta yi tauri, duk damƙa sai an yi kokawa da ita. Bayan sa'o'i hannu kan mutu, wasu har farcensu ke ɗagowa. Mai sanye da tabarau yana riƙe da 'yar na'ura mara nauyi, a ɗaki mai sanyi. Idan aka auna tsawon aiki da abin da ya yi a nan, lissafin zai fito gajere ƙwarai. Shi ya sa ba a tsara jadawalin fita da lokacin VR, da na tafki ake yi. Haka kuma babu tabarau da zai sa mutum ya ji abin da Luca Parmitano ya ji a watan Yulin 2013, lokacin da ruwa ya taru a cikin kwalkwalinsa har ya rufe masa ido da hanci, ya koma ƙofar tashar da lalube.

Akwai kuma gazawar na'urar kanta. Idan mutum ya juya kai, dole hoton ya biyo shi cikin ƙasa da kashi 20 cikin 1000 na daƙiƙa. Yawancin tabarau na sabunta hoto sau 90 a daƙiƙa, wato kwamfuta na da kusan kashi 11 cikin 1000 na daƙiƙa ta zana komai, sau biyu, ɗaya ga kowane ido. Da ta makara, ido ya ce abu kaza, ma'aunin daidaito da ke cikin kunne ya ce wani abu daban, sai jiri da tashin zuciya su biyo baya. Zanen injiniyoyi kuwa na ɗauke da kowane noti da kowace waya, miliyoyin ƙananan alwatika da kwamfuta ba za ta iya zanawa cikin wannan ɗan lokaci ba. Dole a rage. A wajen ragewar ne ake yin ɓarna ba a sani ba: a share wani ƙaramin maƙali don hoto ya yi sauri, alhali shi ne abin da zai kama igiyar mutum a zahiri. Don haka wanda ya san aikin ne ya kamata ya ce ga abin da za a cire, ba mai zane kaɗai ba.

Kaifin hoto ma magana ce. Idon mutum mai lafiya na bambance kusan ɗigo 60 a kowane digiri, tabarau na kasuwa da yawa ba su kai rabin haka ba. Ga mai koyon hanya wannan ba damuwa ba ce. Ga mai koyon tuƙin kumbo kuwa, idan sai ya sunkuya kafin ya karanta allo, yana koyon ɗabi'ar da ba za ta yiwu ba ranar da aka ɗaure shi a kujera. Wannan ne ya sa Boeing ya ɗauki tabarau na kamfanin Varjo na ƙasar Finland a 2020 don horon kumbon Starliner.

Abin da ya fi ba mutane mamaki shi ne tabarau na kasuwa ba ya aiki daidai a tashar. A cikinsa akwai na'urar auna juyi da na'urar auna motsi. Ta farkon na tara ɗan kuskure a hankali, ta biyun ce ke gyara ta, domin kullum tana jin inda ƙasa ke ja, ta san ina ne ƙasa. A tashar babu wannan jan da za ta ji, sai hoton ya fara karkacewa yana yawo. Ƙari a kan haka, tashar kanta na juyawa kimanin digiri 4 a minti don cikinta ya ci gaba da fuskantar duniya, na'urar kuma na jin wannan juyin tana zaton kan mutum ne. Tabarau na HTC Vive Focus 3 da aka aika wa Andreas Mogensen ɗan ƙasar Denmark a 2023 sai da aka sauya masa tsari, aka kafe madanninsa a wuri ɗaya ya zama abin da yake auna komai da shi. Zafi ma matsala ce: inda babu nauyi, iska mai zafi ba ta tashi sama ta ba mai sanyi wuri, sai ta tsaya a jikin na'urar.

AR: umarni a kan abin da ake gyarawa

Lokaci mai yawa na ma'aikatan tashar na tafiya ne wajen gyara da kula da kayan aiki, kuma tsakanin horo da ranar aikin sai a shafe shekara ko fiye. Mutum na shawagi, ƙafa ɗaya a maƙale, hannu ɗaya da sifana, yana waiwayen allo don karanta mataki na gaba. AR na kawo matakin gaban idonsa, ya zana kibiya a kan notin da zai kwance.

Tabarau na AR na farko da aka aika tashar, masu suna HoloLens, sun salwanta tare da rokar SpaceX da ta tarwatse a watan Yunin 2015. Wasu suka isa a Disamba, ɗan sama jannati Scott Kelly ya gwada su a farkon 2016. Hanya biyu aka tsara. A ta farko, ƙwararre a ƙasa na ganin abin da ɗan sama jannati ke gani, yana yi masa zane a kai. A ta biyu, manhajar ce ke jagora ba tare da kowa ba. A 2021 Megan McArthur ta yi amfani da tabarau wajen sauya wani sashe na na'urar binciken Cold Atom Lab, Soichi Noguchi na Japan kuma ya duba injin gudu na tashar da irin hanya ta biyu.

Hanya ta biyun ce ke da muhimmanci nan gaba. Saƙo daga duniyar wata na isowa cikin daƙiƙa ɗaya da ɗoriya, daga Mars kuwa minti 3 zuwa 22, ya danganta da inda duniyoyin biyu suke. Tambaya da amsa na iya cin minti 44. Babu ƙwararren da zai riƙe hannun mai gyara a haka.

Sai dai AR na da haɗarin da takarda ba ta da shi. Idan zanen ya goce da santimita biyu a kan allo mai mahaɗai jere kusa da juna, kibiyar za ta nuna wanda ba shi ba, kuma mutum ya fi yarda da kibiya a kan karatu. Ana rage wannan da manna alamomi a jikin na'urar don tabarau ya daidaita kansa da su, a kuma sa mataki ya ambaci lambar mahaɗin, mutum ya karanta ya tabbatar. Idan an taɓa sauya wani sashe ba a sabunta zanen ba, tabarau zai ci gaba da nuna tsohon tsari ba tare da wata alamar shakka ba. Filin da zanen ke bayyana ma ƙarami ne, digiri 52 a HoloLens 2, alhali ido na ɗaukar kusan digiri 200 daga gefe zuwa gefe, don haka gargaɗi na iya kasancewa a gefen da mutum bai duba ba. Batir kuma sa'a biyu zuwa uku ne.

Zana mazaunin da ba a gina ba

A nan ribar VR ta kuɗi ce da lokaci. Matsar da kabad a zane aikin yini ne, matsar da shi bayan an yi walda aikin watanni ne. Tsarin da aka saba bi shi ne a ɗauko zanen injiniyoyi a shigar da shi manhajar wasanni irin Unreal ko Unity, a tabbatar da ma'auni ta hanyar daidaita wani abu na zahiri da takwaransa na cikin hoto, a gyara tazarar gilasan tabarau daidai da idon kowane mai gwaji, domin rashin yin haka na sauya yadda yake ganin girma. Sannan a kawo mutane masu bambancin jiki, daga gajeriyar mace zuwa dogon namiji.

Kuma aiki ake ba su, ba yawon kallo ba. Wanda aka ce ya zaga ya faɗi ra'ayinsa zai ce wuri ya yi kyau. Amma a ce masa ya ciro matatar iska daga bayan wancan allon, ko ya wuce da jakar kaya ta ƙofa yayin da wani ke motsa jiki a hanya, ko su biyu su fitar da wanda ya suma. Ƙofofin ɓangaren Amurka na tashar sun kai mita 1.27 kowane gefe, na ɓangaren Rasha kuwa zagaye ne mai faɗin santimita 80, kuma wannan bambanci kaɗai na yanke hukuncin abin da zai iya shiga. Manhajar na ƙirga sau nawa gwiwar hannu ta ratsa bango, da inda hannu ya kasa kaiwa. Ana kuma cika wurin da hayaƙi a ga ko mutum zai gane hanyar fita, darasin da aka koya daga gobarar tashar Mir ta Rasha a watan Fabrairun 1997.

Ba a nan gizo ke saƙar ba. Mai gwajin na tsaye ne a kan daɓe, don haka duk hukuncinsa na mai tsayuwa ne. Zai manta da rufi, alhali a can rufi bango ne kamar kowane. Inda babu nauyi jiki na lanƙwashewa da kansa, gwiwa ta ɗan naɗe, kafaɗa ta ɗaga, kallo ya sunkuya ƙasa, kashin baya kuma ya miƙe har tsawon mutum ya ƙaru da kusan kashi 3 cikin 100. Allon da ya yi daidai da idon mai tsayuwa zai yi wa mai shawagi sama. Kuma kowane wurin aiki na buƙatar inda za a saƙala ƙafa, in ba haka ba mai murɗa noti shi ne zai juya, notin na nan. An kuma daɗe da sanin cewa mutane na ganin nisa a cikin VR ya gaza na gaskiya, sau da yawa da kusan kashi ɗaya cikin huɗu, saboda haka jin cewa wuri ya yi faɗi ko ya matse ba hujja ba ce sai an haɗa da awo.

Zanen kwamfuta kuma tsaf yake, ba tarkace. Duk wanda ya ga hoton cikin tashar ya san bangonta cike yake da wayoyi, kwamfutoci, bututun iska da jakunkuna. Idan ba a zuba irin wannan a cikin zanen ba, ana gwada gidan da ba wanda zai zauna a cikinsa. Ƙwararrun da NASA ta tara sun ba da shawarar aƙalla sarari mai kubik mita 25, wato awon tsawo da faɗi da tsayi a haɗe, ga kowane mutum a doguwar tafiya irin ta Mars. Amma minti talatin cikin tabarau ba za su faɗa maka ko mutum huɗu za su jure juna a wannan sarari ba, ga ƙarar fanka dare da rana, ga wari, ga iskar numfashi da ke taruwa a fuskar mai barci idan fanka ba ta kai wurin ba. Shi ya sa bayan VR ake gina samfuri na katako da soso, bayansa a zaunar da mutane a ciki. A shirin CHAPEA na NASA, mai kwaikwayon zaman Mars, mutum huɗu sun shafe kwana 378 daga Yunin 2023 zuwa Yulin 2024 a wani gini mai faɗin kimanin murabba'in mita 158 a Houston. Su ma sun yi amfani da VR, amma don tattakin waje: tabarau a ido, ƙafa a kan injin tafiya.

Wajen saman wata kuwa, haske ne babban dalilin komawa ga tabarau. A ƙuryar kudancin wata, inda shirin Artemis na NASA na mayar da mutane duniyar wata ya nufa, rana ba ta ɗagowa fiye da 'yan digiri daga inda sama ta haɗu da ƙasa. Ƙaramin dutse na jefa doguwar inuwa, kuma da yake babu iskar da za ta watsa haske, inuwar baƙa ce ƙirin, mai fuskantar rana kuma ido ya dushe. Babu bishiya ko gini da za a kwatanta girma da shi, babu hazon da ke nuna abu na nesa. A 1971 Alan Shepard da Edgar Mitchell na Apollo 14 sun yi ta hawa suna neman bakin ramin Cone, suka juyo ba su gan shi ba, daga baya aka gano 'yan mitoci goma-goma ne suka rage musu. Yanzu ana ɗauko bayanan kumbon LRO, wanda ke zagaya wata tun 2009, a gina filin a kwamfuta, a sa rana daidai inda za ta kasance a ranar da sa'ar da aka tsara. Da haka ake gwada inda za a sa fitilun kwalkwali, da gefen da taga ko ƙofar mazauni za ta fuskanta. Sai dai hotunan kumbon mafi kaifi na nuna kusan rabin mita a kowane ɗigo, don haka duwatsun da suka gaza haka, waɗanda su ne ke sa tuntuɓe, kwamfuta ce ke watsa su bisa ƙiyasi. Mai horo ya riƙa haddace tudu da rami, kada ya haddace dutse. Ƙura kuwa, wadda ta cinye safar hannu ta toshe mahaɗan rigunan Apollo, sai a wuri irin LUNA da aka buɗe a birnin Kolon na Jamus a watan Satumban 2024, fili mai murabba'in mita 700 da aka zuba wa tan 900 na ƙasar da aka niƙa ta yi kama da ta wata.